Mai Tara Kayan Tarihi Ya Nemi Takobi da Adaka, Ya Bar AK-47

A wasu ƙasashen duniya tara bindigogi sha'awa ce da doka ta san da ita, kamar yadda wani ke tara tsofaffin kuɗi ko littattafai. Akwai kasuwanninsu da mujallunsu da gwanjonsu, kuma yanzu da waya ta shiga kowane aljihu, bidiyon waɗannan mutane yana iso mana har ƙauye: Ba'amurke a gonarsa yana ɓarin wuta da mashinga, yana cewa da takardar gwamnati ya saya. Mai kallo a Aguie ko Gazawa ko Gidan Rumji yana iya tambaya, in can ya halatta, me zai hana attajirinmu mai mutunci, wanda ba ya nufin kowa da sharri, shi ma ya mallaki irinta ya rataye a falonsa don tarihi? Tambayar ba ta wauta ba ce, domin son adana tarihi abin yabo ne. Amma amsata ita ce a'a. A wannan yanki namu bai kamata a buɗe wa farar hula kowace ƙofa ta mallakar bindiga mai sarrafa kanta ba, ko da sunan tarihi ne, kuma mai son tarihin makamai da gaske yana da aikin da ya fi wannan gaggawa a gabansa.

Sai a fara da sanin abin da ake magana a kai. Bindigar maharbi, wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga, harbi ɗaya take yi. Duk wanda ya tsaya kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan salla ya ga wahalar da ke cikinta: a zuba albarushi ta baki, a tura tsumma, a danna da dogon ƙarfe, a ɗaga ta sama, a ja kunama, hayaƙi ya turnuƙe, sannan a koma gefe a sake ɗuri daga farko. Tsakanin harbi da harbi akwai lokacin da mutum zai gudu, ko a riƙe hannun mai harbin, ko fushinsa ya huce. Bindiga mai sarrafa kanta an ƙera ta ne don a kawar da wannan tazara. Muddin yatsa na kan kunama, ita ke fitar da kwanso, ta ɗauko sabon harsashi, ta harba, ta sake. AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya tsara wa sojojin Tarayyar Sobiyat, tana harbi da saurin kusan harsashi 600 a minti, gidan harsashinta kuma yana cin 30. Ke nan cikin daƙiƙa uku ta zazzage shi kaf. Ba a yi ta don barewa ko gada ba, kuma shekarunta ba sa rage mata ƙarfi. Wadda aka ƙera shekara hamsin da suka wuce, in an shafa mata mai, tana kisa daidai da sabuwa. Tsohon takobi ya zama tarihi domin zamaninsa ya wuce, ita kuwa zamaninta muke ciki.

Kowa a jihar Maraɗi ya san haka ba tare da an karanta masa ba. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun 'yan bindiga, yawancinsu mata da yara, suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa. Har sai da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar suka janye wasu daga bakin iyaka zuwa matsugunai irin na Cadakori. Masifar kuma ba ta tsaya a ƙetare ba. Satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa sun shigo garuruwan da ke fuskantar Sabon Birni da Isa, abin da ya sa sojojin Nijar suka ƙaddamar da aikin da suka kira Farautar Bushiya. Makamin da ya ba ɓarawon shanu ƙarfin tayar da gari guda shi ne wannan bindigar, wadda ta ƙara yawa a Sahel bayan rumbunan makaman Libiya sun watse a 2011. Hanyar ƙasa mai lamba ɗaya da ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi da Cadawa da Aguie da Gazawa ta haɗa mu duka, iyakar kuma doguwa ce, babur yana ƙetare ta cikin dare ba tare da kowa ya tambaye shi takarda ba. Wanda ya ajiye irin wannan makami a gidansa a nan, komai kyan niyyarsa, kamar wanda ya ajiye garwashi a gindin rumbu ne yana cewa ɗumi kawai yake so.

Dokar Nijar ta riga ta tsaya a kan wannan. Makamin yaƙi na sojoji ne da jandarma da sauran jami'an tsaro, bindigar farauta ko ta kare kai ma sai da izinin hukuma, mallakar makami ba bisa ƙa'ida ba kuwa laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Wannan tsauri yana da tushe. Ƙasar ta ɗanɗani tawaye a shekarun 1990, ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI a 1994, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, sannan ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a. A 2006 ƙasashen ƙungiyar Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka amince a Abuja da yarjejeniyar da ta hana farar hula riƙe manyan makaman da ake ɗauka a kafaɗa, ta kuma wajabta lasisi ga ƙanana. Nijar ta bar ƙungiyar a Janairun 2025, amma dalilin da ya haifi yarjejeniyar bai bar Nijar ba. A Najeriya ma dokar makamai ta 1959 ta sa mashinga da bindigogin soja cikin jerin haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsu. Ƙasar da ta ƙona bindigogi da hannunta don neman zaman lafiya ba ta da hujjar ƙirƙiro wata sabuwar takarda da za ta mayar da su gidajen mutane.

Hujja mafi ƙarfi ta masu wancan ra'ayi ita ce Amurka. Suna cewa can farar hula na riƙe da mashinga bisa doka, kuma da wuya a ji an yi kisa da mai rajista. Gaskiya ne, amma a dubi yadda aka kai ga haka. Dokar 1934 ta wajabta rajista da harajin dala 200, kuɗin da a lokacin ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Mai saye yana ba da hotonsa da zanen yatsunsa, a bincike shi, ya jira hukumar ATF mai kula da bindigogi ta amince. Daga nan dokar 1986 ta rufe rajistar baki ɗaya: duk mashingar da aka ƙera bayan 19 ga Mayu na wannan shekara, farar hula ba zai mallake ta ba. Waɗanda suka rage ƙidayayyu ne, ba sa ƙaruwa, shi ya sa kuɗin guda ya kai dubban daloli masu yawa, wasu jihohin kuma sun hana su ɗungum. Wato ƙasar da ake kafa hujja da ita, wadda tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe bindiga, ita ma kusan shekara arba'in ke nan da ta toshe wannan ƙofa. Ƙarancin laifin da ake gani ya fito ne daga rajistar da ba ta ɓata, da tsada, da hukumar da ke iya zuwa ƙofar mutum ta tambaye shi ina bindigar. Idan aka kwaso izinin aka baro waɗannan sharuɗɗa, abin da aka kwaso ba tsarin Amurka ba ne. Ingila kuwa ta sa irin wannan makami cikin haramtattu a dokarta ta 1968, Faransa ma ta ajiye shi a rukunin da aka hana farar hula, katin mai tara makamai da take bayarwa bai kai gare shi ba.

Wasu za su sassauto su ce to a yarda da wadda aka kashe, aka toshe bakinta, ba ta harbi. Wannan ya fi kama da hankali, amma Turai ta gwada ta ga illarsa. Maharin da ya kashe mutane a wani kantin Yahudawa a Paris a Janairun 2015 ya yi amfani da bindigogin da aka sayar a Sulobakiya a matsayin waɗanda ba sa harba harsashi, wasu suka farfaɗo da su. A ƙarshen wannan shekara Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida ɗaya mai tsauri kan yadda ake kashe bindiga har abada. Faransa tana da cibiya guda a Saint-Étienne da ke wannan aiki ta buga hatimi. Mu wace cibiya ce za ta tabbatar mana? Maƙeranmu masu basira ne, suna ƙera bindiga daga bututun ƙarfe, gyaran wadda aka toshe da walda ba zai gagari wasunsu ba. Ban da haka, bindigar da ba ta harbi tana tsoratarwa kamar mai harbi. Matafiyin da aka tare a hanyar kasuwa da dare ba zai leƙa bakinta ya ga ko a toshe yake ba, jami'in tsaron da ya hango ta a hannun yaron gida ma ba zai jira bayani ba.

Akwai hujja ta uku da ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce a zuciyar mutane da yawa: a ce tarihi ne a baki, a zuci kuwa kariya ake nema, tunda ɓarayi na da ita. Ba a raina tsoron mutumin da aka taɓa ɗauke ɗan'uwansa. Sai dai maƙwabtanmu sun bi wannan hanya a gabanmu. 'Yan sa-kai sun ɗauki makami a Zamfara don kare garuruwansu, abin ya rikiɗe ya zama ramuwa kan ramuwa tsakanin manoma da makiyaya, a 2022 gwamnatin jihar har ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga, amma hare-haren ba su tsaya ba. Gidan da aka san akwai AK a cikinsa shi ne gidan da za a fara nema, domin a daji bindigar ta fi shanu daraja. Mai ita kuma ba dawwama zai yi ba. Ranar da ya rasu, ta shiga kayan gado tsakanin 'ya'yan da ba duka suka gaji haƙurinsa ba, a ƙasar da rikicin iyakar gona ko ɓarnar dabba ke iya tashi kowace kaka. Toda da ke gundumar Gidan Rumji ta ga abin da irin wannan rikici ya yi a 1991, lokacin da aka kashe mutane sama da ɗari, ba kuma da mashinga ba. Kowa ya auna yadda abin zai kasance da tana hannun jama'a. Maganin tsoro shi ne a matsa wa hukuma ta kawo tsaro, ta amsa kira da wuri, ta hukunta masu kai wa ɓarayi rahoto.

Ba na cewa mashinga ba ta da gurbi a tarihinmu. Tana da shi, mai ɗaci. Da bindigar Maxim Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa a Burmi a wannan shekara, a 1906 kuma mutanen Satiru suka ƙwace guda kafin a dawo a shafe garinsu. Ta ɓangaren Nijar, ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa a 1899 yana ƙona garuruwa har zuwa yankin Tasawa. Ya dace yaranmu su ga irin makaman da aka yi wannan da su, amma a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ko Gidan Makama a Kano, a bayan gilashi, da lamba da mai gadi da bayanin abin da suka aikata. A falon attajiri abokansa kaɗai za su gan ta, kuma abin da za su koya shi ne yana da kuɗi.

Abin da ke salwanta a gabanmu daban ne. Tsibirin Gobir, wanda Sarki Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Katsinan Maraɗi ta su Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, sun shafe mafi yawan ƙarni na sha tara suna yaƙi a kan doki. Damagaram a zamanin Tanimu ta ƙera igwa da albarushinta. Wannan zamani ya bar sulke da lifidi da kwalkwali da garkuwar fata da māsu da takubba da kwari da baka da adaka a zaurukan sarakuna da gidajen mayaƙa da maharba. Gara na cin lifidin, tsatsa na cin sulken, wasu ana sayar wa dillalai su fita ƙasar, wasu kuma jikoki na kai wa masu sayen tsohon ƙarfe a auna a kilo. Tsofaffin da suka san wane ne ya riƙe wane takobi, a wane yaƙi, da wane kirari, suna ƙarewa. Attajirin da ke da sha'awa da kuɗi ya fara daga nan: ya saya kafin a narkar, ya sa a rubuta asalin kowane abu daga bakin masu shi, ya yi wa duk adakar da ya samu rajista a wurin hukuma, ya haɗa kai da fada a gina ɗaki ɗaya mai rufi da ƙofa a Tsibiri ko Aguie ko Gazawa inda 'yan makaranta za su shiga su gani. Wanda kuma ya gaji bindigar yaƙi ko ya tsince ta, ya sanar da mai gari ko jandarma a miƙa ta ga hukuma. Hukuma ita ma ta sauƙaƙa wannan hanya, ta tabbatar wa mai miƙawa da kansa cewa ba za a wulaƙanta shi ba, domin in mutane na tsoron kawowa, bindigar za ta ci gaba da kwana a ƙarƙashin gado har ranar da wani zai zo ya ɗauke ta.