Uwargida, kazarki kiwo take ko susa?



Uwargida, ki tsaya ki dubi kajinki da hantsi. Kaza mai lafiya tono take yi, tana tsintar gara da tsutsa da tsakin da ya zube a bakin turmi. Idan kika ga ta raɓe jikin bango tana tsattsage gashinta da baki, zankonta ya koɗe, ƙwai ya ragu, to akwai masu shan jininta. Lokacin da ya kamata ta cika ciki ya tafi wajen susa, ke kuma kina ƙara dusa kina mamakin ramarta.

Ƙwarƙwata a jikin kaza take zama, musamman ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya. Akwai kuma wasu jajayen ƙananan ƙwari da ke ɓuya a tsagar bangon akurki da rana, su fito da dare. Su ne ke sa kaza ta gudu ta bar kwanci.

A nan yankinmu na Karaye da Jega da Maiyama, ga kuma gonakin albasa na Aliero, ba a rasa ragowar maganin feshi a gida. Sai wata ta ɗiba ta watsa a akurki da tsakar gida. Don Allah a daina. Maganin ba ya bambanta ƙwarƙwata da garar da kaza ke ci, abin da ya mutu kuma ita za ta tsince, ga yara masu rarrafe a wurin. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni barkatai, amma har yanzu ana ganin irinsa a gidaje.

Alhali maganin na murhunki. Ki tankaɗe tokar itace mai sanyi, ki haɗa da busasshen yashi, ki zuba a tsohon daro a inuwa. Kajin da kansu za su shiga su yi birgima, ƙurar ta ratsa gashinsu ta busar da ƙwarin. Sai dai toka ta zama busasshiya, domin jiƙaƙƙiya tana cin fata. Da damina a sa ta inda ruwa ba ya taɓawa. Tokar bola da aka ƙona leda a ciki ba ta cikin zancen.

Ganyen dogon yaro kuma, wanda Kanawa ke kira darbejiya, a shanya shi a inuwa, a shimfiɗa a wurin kwanci. A share akurki, a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a liƙe tsagar bango da laka. Ƙumar da ke manne wa zanko da gefen ido, a shafa mata man kaɗanya a hankali, kar ya shiga idon.

Wannan hanya tana son haƙuri. Ƙwan ƙwarƙwata na ƙyanƙyashewa cikin kamar mako guda, don haka a maimaita sharar da sabunta tokar duk mako, har sau uku ko huɗu. Idan kuwa kaji na mutuwa a jere, wannan ya wuce aikin ƙwari, a nemi malamin dabbobi.