Mutumin Da Ya Miƙe Ana Huɗuba

Akwai wani gari a ƙasar Dutse, ba zan faɗi sunansa ba domin mutanensa 'yan'uwana ne, inda har yau in aka ambaci wata Juma'a ta bazarar 2023 sai zaure ya rabu biyu. A wannan shekara ce sanƙarau ya sauka Jigawa da ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 1,686 da ake zaton sun kamu a Nijeriya duka, daga Oktoba 2022 zuwa tsakiyar Afrilu 2023, a cikinsu kuwa 1,252 a Jigawa suke. Abin ya fi tsanani can arewa, wajen Maigatari da Sule Tankarkar, kusa da iyakar Damagaram, amma tsoronsa ya shiga ko'ina, har uwa ta riƙa taɓa wuyan ɗanta da tsakar dare.

To, ran nan liman ya hau mumbari, ya gama Larabci ya shiga fassara. Ya ce wannan ciwo bulala ce Allah ya aiko saboda zina da ta yi yawa, kuma wanda ya dogara ga allura ya ɓata ƙafarsa, gama abin da Allah ya saukar babu allurar da za ta ɗauke shi sai tuba. Bai rufe baki ba sai wani dattijo, tsohon malamin asibiti, ya miƙe a sahu na uku ya ce, "Allah gafarta Malam, ba haka ba ne, a kai yara asibiti." Masallaci ya ɗauki guna-guni. 'Yan agaji suka riƙe masa hannu suka fitar da shi. Ina nan zaune a sahun bayansa, ban ce uffan ba, kuma wannan shirun nawa yana cikin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da tambayar da ta fi girma. Shin Allah ne ke kawo cuta? I, Shi ne. Babu Musulmin da zai yi gardamar wannan, dattijon nan ma bai yi ba. Allah ya halicci cuta kamar yadda ya halicci ruwan sama da fari, da dabinon Dutse da ƙayar da ke jikinsa. Amma Wanda ya halicci cutar Shi ya halicci hanyar da take bi, Shi kuma ya halicci abin da ke tare ta. Manomin da ya ce Allah ne ke ba da gero ya faɗi gaskiya. In kuwa ya ƙara da cewa saboda haka ba zai yi shuka ba, kowa a Shuwarin zai san kansa ya taɓu.

Hanyar sanƙarau ba ɓoyayya ba ce. Wata 'yar ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Tana zama a maƙogwaro da hancin mutane da yawa masu lafiya, ba su ma san suna ɗauke da ita ba, tana wucewa daga wani zuwa wani ta tari da atishawa da kwana a cunkushe cikin ɗaki mara taga. Idan hunturu ya busar da hanci da ƙura, bazara kuma ta biyo da zafi, sai ta sami ƙofar shiga jini, ta hau zuwa rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, wuya ya sanƙare. Jinjiri kuwa maɗigarsa ta kumbura. Tana iya kashe yaro a kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma wani lokaci ya tashi kurma. Da damina ta sauka sai ta lafa.

Ina so mai karatu ya tsaya a kan wannan na ƙarshe. Kowace shekara sanƙarau yana zuwa da rani, yana tafiya da ruwan farko. Shin masu saɓo suna tuba ne a watan Yuni, su koma a watan Janairu? A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Irin da ya yi wannan ɓarna shi likitoci ke kira A. Daga 2011 aka shiga yi wa yara da samari allurar rigakafinsa a jihohin arewa, sai ya kusa ɓacewa ƙaf. Ban ji wani malami ya ce a shekarun nan zina ta ragu ba. Kullum dai cewa ake yi zamani ya ƙara lalacewa. To, me ya kori irin A? Allah ne ya kore shi, da allurar da Ya sanar da bayinsa.

Sa'an nan su wa ke mutuwa? Galibi yara ne, waɗanda alƙalami bai hau kansu ba. Ka je ka tsaya gaban matar da ta binne ɗan shekara huɗu, ka gaya mata bulalar mazinata ce ta same shi. Ni dai ba ni da wannan ƙarfin hali, kuma ban ga inda shari'a ta ba wani shi ba.

Kada a ce na musanta cewa zunubi yana jawo masifa. Wannan yana cikin karantarwar addini, yara ma sun sani. Abin da na musanta shi ne wani mutum ya nuna wata cuta da yatsa ya ce ya san dalilin da Allah ya saukar da ita a wannan gari a wannan shekara. Wannan gaibu ne, wahayi kuwa ya yanke. Annabi Ayuba ya yi shekaru yana jinya, wane laifi ya yi? Annobar Amwas da ta auka wa Sham wajen shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrahi da Mu'azu ɗan Jabal, manyan Sahabbai. Wa zai buɗe baki ya ce bulala ce? Cuta takan zama jarrabawa, takan zama kankarar zunubi, takan zama shahada, takan zama horo. Wanda ya zaɓi guda ɗaya a cikinsu ya ɗora wa mamatan mutane, ya shiga gonar da ba tasa ba.

Labarin wannan annoba ta Sham yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu. Sayyidina Umar ya taso zai shiga Sham, ya iso wani wuri da ake kira Sargu, aka tarye shi da labarin annoba. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tuhume shi a gaban jama'a da gudun ƙaddara. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga garin da annoba take da hana fita daga cikinsa. Watau abin da duba-gari ke kira killacewa ya girmi asibitin Turawa da shekaru aru-aru. A nan ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulkin da ke kansa, ya zauna ya wallafa littattafan magani, har da na basir. Da magani raunin tawakkali ne, da ɗan Shehu bai ɓata tawadarsa ba.

Maganar limaminmu ba a bakinsa ta fara ba. A watan Afrilu 2017, sa'ad da irin C ke kashe mutane a Zamfara da Sakkwato da Katsina, har ya ci rai fiye da 1,100 kafin ya lafa, Gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya gaya wa 'yan jarida cewa horo ne daga Allah saboda saɓon jama'a. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya amsa masa a bainar jama'a a wani taro a Kaduna, ya ce wannan magana ba daidai take ba a Musulunci, in babu allura a je a nemo. Ga abin lura a nan. Duk sa'ad da aka ce laifin talakawa ne ya jawo cuta, akwai wanda ya huta da tambaya: wanda aka ba amanar sayen magani, da wanda ya bar asibitin ƙauye babu ma'aikaci. In dai lalle sai an nemi zunubin da ke bayan sanƙarau, ni a nan zan fara dubawa.

Mun kuma ɗanɗana kuɗar irin wannan a kan shan inna. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafi a Kano bisa zargin an sa masa abin hana haihuwa, ba a koma ba sai Yuli 2004. Tsoron yana da tushe, gama mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma wanda ya fi ɗaga muryar zargin, Dakta Datti Ahmad, likita ne, ba limami ba. Amma masallatai suka ɗauka suka yaɗa, cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne, muna ganinsu a kan kekunan guragu a bakin kasuwa.

Saura tambaya ta biyu, wadda ita ce ta raba zaure. Dattijon nan ya yi daidai da ya miƙe?

A kan lokaci, ya yi kuskure, kuma ba zan ɓoye masa ba. Sauraron huɗuba wajibi ne, har wanda ya ce wa na kusa da shi ya yi shiru ya yi yasasshiyar magana. Na san Muhtasar na Halilu ya togace halin da mai huɗuba da kansa ya kauce ya shiga lagawu, amma ba na son a jingina da wannan ƙofa, domin in aka buɗe ta kowane mai jin haushin liman zai naɗa kansa alƙali, masallaci ya koma dandali. Mun ga garuruwan da saɓanin malamai ya kai ga sanda da jifa a harabar masallaci, ba mai son a ƙara. Da ya haƙura minti goma sha biyar, da ya tsira daga wannan zargi.

Amma masu cewa da ya bi liman gida ya gaya masa a asirce, kuskurensu ya fi nasa girma nesa ba kusa ba. Nasiha a asirce ta laifin da mutum ya yi a asirce ce. Wannan magana da lasifika aka yi ta, ta shiga kunnen magidanta ɗaruruwa, ta tsallake katanga ta iske mata a tsakar gida. Ko da liman ya karɓi gyara a zaurensa, wa zai bi gida gida ya kwashe abin da aka zuba? A daren nan wani uba zai ji jikin ɗansa da zafi, ya tuna abin da ya ji a masallaci, ya ce a bari sai da safe. Sanƙarau kuwa ba ya jiran safiya.

Kuma tun yaushe gyara wa liman a gaban jama'a ya zama rashin kunya? In ya tashi zuwa raka'a ta biyar muna yi masa tasbihi. In ya sarƙe a karatu, almajirin da ke bayansa yana ɗora shi, ba wanda ya ce yaron ya raina malami. Ranar da Manzon Allah ya sallame sallar raka'a huɗu a kan biyu, Abubakar da Umar suna wurin, kwarjini ya hana su magana, sai Zul-Yadaini ya tambaya ko an rage salla ne ko mantuwa ce. Ba a fitar da shi ba. Aka tabbatar da maganarsa, aka cika salla. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai taɓa daina girmama malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru ba, duk da haka da malamin ya tsananta har ya kafirta masu manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa, ya kuma rubuta saɓanin don kowa ya karanta. Muna gyara kuskuren wasali a take, sa'an nan a ce kuskuren da zai kai yaro kabari sai a rufe ɗaki?

Wurin maganar dattijon nan yana nan, kowa ya san shi. Bayan sallama, kafin mutane su nemi takalmansu, akwai ɗan lokacin da ake sanarwar jana'iza da ɗaurin aure da akuyar da ta ɓata. A nan ya kamata ya nemi izini, ya gaida liman da girmansa, ya faɗi alamun ciwon da inda za a kai mara lafiya, ya roƙi malam da ya sake duba abin da ya ce game da allura. A nan kuma ya kamata mu da muka yi shiru mu tsaya a bayansa. Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, kuna iya karanta takardar da ma'aikatan lafiya ke liƙawa a bango, kuna iya karanta fassarar littattafan addini da kanku. Ba a koya muku baƙi don ku raina malamai ba, amma ba a koya muku don ku riƙa gyaɗa kai kuna sane ba.

A watan Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura guda mai tsare iri biyar na sanƙarau, Jigawa kuwa tana cikin inda aka fara. Dattijon nan yanzu a wani gari yake sallar Juma'a, yana hawa babur ya je ya dawo. Limaminmu mutumin kirki ne, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna, kuma na ji an ce a zaure ya sassauta maganarsa. A lasifika dai har yau bai janye ta ba.