Ashe Kwamfuta Ma Tana Yin Yanar Ido!

Kun san yanar idon da ke hana wasu tsofaffi gani sosai? To, tsofaffin na'urori ma suna kamuwa da irinta.

A shekarun 1970, mutane da yawa kan yi tarayya a babbar kwamfuta guda, kowa da 'yar na'urarsa mai allo da madannai. Ɗaya daga cikinsu ita ce ADM-3A, wadda kamfanin Lear Siegler na Amurka ya fitar a 1976. Allonta kwalba ce irin ta talabijin mai ƙeya, an manna mata gilashin kariya da gam. Da shekaru suka ja, sai gam ɗin ya lalace, tabo ya taso daga gefe yana cin tsakiya, har rubutu ya dushe.

Masu adana kayan tarihi sukan ɗumama gilashin a hankali har ya saki, su kankare tsohon gam, su goge, su mayar da shi. Wani ciwon kuwa ba shi da magani: rubutun da ya daɗe wuri guda yakan ƙona sinadarin da ke haskaka allon, inuwarsa ta zauna daram. Sai dai a canza kwalbar.

Idan akwai tsohon talabijin a gidanku, kada karambani ya sa ku kwance shi. Babu iska a cikin kwalbar, in ta fashe gilashi tarwatsewa yake yi. Kuma tana riƙe wutar lantarki mai ƙarfi ko bayan an zare waya. A bar wa mai gyara.

Sai mako mai zuwa.