Ba kowane kumburi ake dannewa ba

'Yan uwa masu bibiyar wannan zaure, magidanta da iyayen gida, yau maganar kumburi zan yi, kuma na san ba za ta yi wa wasu abokan sana'ata daɗi ba.

Kwanakin baya aka kawo min wani manomi daga wajen Zarewa. Fartanya ce ta sare shi a ƙafa. Kwana biyu wurin ya kumbura, ya yi zafi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Ya je wurin mai sayar da magani, aka ƙulla masa ƙwayoyi a leda. Ya sha, kashegari kumburi ya sace, zugi ya tafi, ya koma gona yana ta sa wa mai magani albarka. Da ya zo hannuna, tun daga bakin ƙofa na ji warin ƙafar. Ban taɓa ta ba. Na ce a nemo mota a wuce da shi asibiti.

To me ya faru? Ka tsaya ka fahimci abin da kumburi yake tukuna.

Idan ƙaya ta soke ka, naman wurin ba ya yin shiru. Yana sakin wasu 'yan ƙananan sinadarai, likitoci na kiransu kemokain. A jikin ɗan Adam an gano kusan iri 50. Aikinsu yekuwa ne, kamar yadda ake kururuwa idan ɓarawo ya haura gida. A bakin ciwon suka fi yawa, suna raguwa da nisa, su kuma fararen ƙwayoyin jini sai su yi ta bin inda kiran ya fi ƙarfi, kamar tururuwa ta ji mazarƙwaila, har su fita daga jijiyar jini su isa wurin. Wasu sinadaran kuma su buɗe jijiyoyin, jini ya ƙaru, ruwa ya tsatso. Shi ne kake ganin ja, da zafi, da kumburi, da zugi. Mugunyar nan da kake ƙyama, akasarinta gawarwakin waɗannan fararen ƙwayoyin ne da na abokan gabar da suka kashe. Kaluluwa ma sansaninsu ce, can suke taruwa, kuma kiran nan ne yake kai su. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan.

Ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane, sau da yawa akwai dezametason ko firedinisolon a ciki. Waɗannan suna toshe bakin mai yekuwa ne. Kira ya tsaya, mayaƙa ba su zo ba, kumburi ya sauka, kai kuma ka ɗauka ka warke. Alhali ɓarawo yana cikin ɗaki yana kwasa.

Irinsu ne wasu matanmu suke sha don su yi ƙiba, kuma akwai danginsu a cikin wasu mayukan bilicin. Fuska ta yi suntum, a ce hutu ne. Ba hutu ba ne, Hajiya. A bayansa akwai hawan jini, da hawan suga, da raunin ƙashi, kuma tarin fuka da ya kwanta a jiki yana iya farkawa. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne, cikin masu sana'armu ta gargajiya akwai waɗanda suke daka waɗannan ƙwayoyi su cuɗa da garin sassaƙe, su ce maganin sanyi ne. Duk garin da ka sha da daddare ka tashi da safe ciwon gwiwar shekara goma ya ɓace, ka yi shakkarsa. Na fi shekara 30 ina harhaɗa itatuwa, ban san saiwar da take wannan saurin ba. Wannan ha'inci ne, kuma wanda yake yi ya ji tsoron Allah.

Kada a ce na ce maganin ba shi da amfani. A shekarar 2020, lokacin korona, binciken da aka yi a Ingila ya nuna dezametason ɗin nan ya rage mutuwa cikin waɗanda ciwon ya kai su ga buƙatar iskar numfashi. Domin wani lokaci yekuwar ce take wuce gona da iri, mayaƙan su cika huhu har su lalata gidan da suka zo karewa. Haka abin yake a asma da wasu ciwukan gaɓɓai. A nan dole a sassauta kiran. Amma wa zai tantance? Likitan da ya auna ka. Ba yaron kemis ba, kuma ba ni ba.

Wani abin mamaki da ya shafe mu kai tsaye. A jikin jajayen ƙwayoyin jinin mutane da yawa a duniya akwai wata 'yar ƙofa da take kama waɗannan sinadarai, ana ce mata Duffy. Wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, baibas, ta nan yake shiga. Mu mutanen Afirka ta Yamma, mafi yawanmu ba mu da wannan ƙofa a jajayen ƙwayoyinmu, shi ya sa wancan nau'in bai samu gindin zama a nan ba. Tun 1976 masu bincike a Amurka suka nuna haka. Ni'ima ce. Sai dai nau'in da yake kashe mana yara, falsifarum, ba ruwansa da wannan ƙofa. Mu da muke zagaye da fadamu da ruwan dam ɗin Challawa, gidan sauro bai zama na ado ba. Zazzaɓi ya kama yaro, a shafa masa ruwa a sanyaya jiki kamar yadda sunna ta koyar, sannan a je a yi gwaji, kada a tsaya a shafawar.

Ga abin da nake gaya wa iyalina. Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da tsumma mai tsabta. Zuma mai kyau tana taimaka wa rauni marar zurfi. Toka, da ƙasa, da kashin shanu, da baƙin mai, wallahi babu alheri a cikinsu. Maruru a riƙa gasa shi da ruwan ɗumi har ya nuna, kada a matse, balle wanda ya fito kusa da hanci ko leɓen sama. Saran fartanya ko sukar ƙusa kuwa, a nemi allurar tetanos.

Amma idan kumburin yana yaɗuwa, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka biyo baya, ko wurin ya fara wari ko ya yi baƙi, ko mai ciwon yana da suga, to kada a kwana, a nufi asibitin Rogo ko na Ƙaraye. Kaluluwar wuya da ta yi makonni ba ta sauka ba, ita ma a kai a duba. Wanda kuma ya daɗe yana shan waɗancan ƙwayoyi, kada ya karanta wannan ya yanke yau-yau, yankewa farat ɗaya tana da nata haɗarin. Ya ɗauki ledar maganin ya kai wa likita, a rage masa a hankali.

Manomin nan an ceto ƙafar, amma ya bar yatsu biyu a asibiti, kuma daminar bana 'ya'yansa ne suka yi masa noma. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya ba sauran marasa lafiyarmu sauƙi.