Fitilar Da Ke Ci Da Rana Tsaka, Wa Zai Kashe Ta?

A makon nan filin namu zai leƙa Digil ne, ɗaya daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, domin mu tattauna wani al'amari da ya shafi mutanen can, ya kuma shafi na Kano da Sakkwato da ko'ina cikin Nijeriya. Al'amarin kuwa shi ne fitilar lantarki wadda a ke bari tana ci alhali ba mai bukatarta, da kuma dabarun da masu ilmin zamani suka ƙago domin fitila ta riƙa kashe kanta da kanta.

Duk wanda ya ratsa unguwanninmu da hantsi ranar da a ke da wuta zai ga ƙwan lantarki yana ci a ƙofar gida, ko a zaure, ko a baranda ta makaranta, ga rana ta take. Mai saurin yanke hukunci sai ya ce sakaci ne. Gaskiya akwai sakaci a ciki, amma tushen abin ya fi haka zurfi. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa cikin 1972, mutanenmu suka saba da wuta mai zuwa ba sallama, mai tafiya ba ban kwana. Saboda haka sai maigida ya bar makunni a buɗe da gangan, don ƙwan ya zame masa ɗan aike, in ya kama ya san an kawo wuta. To sau da yawa wutar kan zo ne bayan maigida ya tafi kasuwa, yara sun tafi makaranta, uwargida tana madafa. Ɗan aiken sai ya yi ta shela ba mai saurare har magariba.

Dalili na biyu shi ne rashin mita. Aka sake wa NEPA suna cikin 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa cikin Nuwamba 2013, Mubi ta faɗa hannun kamfanin Yola wanda ke kula da jihohin Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Duk da wannan sauyi, ƙididdigar hukumar da ke sa ido kan sha'anin lantarki ta nuna cewa har ƙarshen 2024 masu mita a ƙasar nan ba su kai rabin masu shan wuta ba. Wanda a ke yi wa lissafin ƙiyasi kuwa, ko ya kashe ko ya bari, takardar kuɗin da za a kawo masa kusan ɗaya ce. Yaya za a ce masa ya yi tattali? Amma ranar da aka ɗaura masa mitar da a ke sa wa kuɗi kafin a sha, ranar ya ke gane cewa kowane ƙwai bakin cin kuɗi ne. Balle kuma tun Afrilu 2024, lokacin da aka ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga masu rukunin farko, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta sa'a 20 a rana, kowa ya ga inda iska ta dosa, ko da rukuninsa bai kai can ba.

Bari mu yi ɗan lissafi, gama magana ba adadi kamar miya ce ba gishiri. A ce gida yana da ƙwai shida na tsohon yayi, masu cin wat 60 kowanne, aka bar su sa'a goma a banza. Wannan yunit 3.6 ke nan a rana, ko kuwa yunit 108 a wata. Mai karatu ya riɓa wannan da farashin yunit na unguwarsu, ya ga ko mudu nawa na hatsi ke nan. In kuwa ƙwayayen na zamani ne masu cin wat 9, ɓarnar ta sauko zuwa yunit 16 da 'yan kai a wata. Darasi na farko ke nan: kafin mutum ya sayi wata na'ura mai wayo, ya fara sake ƙwayayensa, domin a nan riba mafi girma ta ke.

Sai dai akwai wanda ko wat tara ɗin ma ciwo ne a gare shi, shi ne mai wutar hasken rana. Bayan duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa na kwanaki da dama cikin Oktoba 2024, sa'ad da aka lalata manyan layukan da ke kawo wuta, mutane da yawa sun ƙara karkata ga faranti da batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na sa'a guda, amma in irin na dalma ne masana sun hana a zuƙe fiye da rabinsa, in ana so ya yi ƙarko. Saura 1,200 ke nan. Ƙwai shidan nan na wat tara, in suka kwana sa'a goma, sun lashe 540, kusan rabin abin da a ke taƙama da shi. Ga fanka tana jira cikin zafin Afrilu, ga firjin mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. A irin wannan gida fitilar da aka manta tana rage kwanan batir ne, batir kuwa shi ne mafi tsada cikin kayan.

To, waɗanne dabaru ne a ke da su? Mataki uku ne. Na farko ƙaramar na'ura ce mai jin haske, wadda a kan liƙa a bango: duhu ya yi ta kunna, gari ya waye ta kashe. Na biyu na'ura mai jin motsi, wadda ke gane ɗumin jikin mutum in ya gitta, ta kunna fitila, bayan 'yan mintoci in ba ta ƙara jin kowa ba ta kashe. Na uku shi ne wanda ya fi jan hankalin samarinmu masu ilmin kwamfuta, watau a sa ɗan makunni mai karɓar umurni a bayan kowane makunnin bango, sa'an nan a haɗa su duka da wata 'yar kwamfuta wadda za a rubuta wa dokoki. Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun 1975 wani kamfani a ƙasar Sikotilan ya ƙago tsarin X10, mai aika umurni ta cikin wayar lantarkin gida. Cikin 2013 kuma wani mutumin Holan, Paulus Schoutsen, ya fara manhajar Home Assistant, wadda kyauta ce, kowa na iya ɗauka ya gyara.

Rubuta wa na'ura doka ba wani sihiri ba ne. Kowace doka gaɓa uku gare ta: abin da zai tayar da ita, sharaɗin da za ta duba, da aikin da za ta yi. Misali, a ce mata: idan minti goma suka wuce ba motsi a zaure, in dai an wuce ƙarfe goma na dare, to kashe fitilar zaure. Ko kuwa: idan rana ta fito, kashe dukan fitilun waje. Wahalar tana wajen sanin halin gidan da za a yi wa dokar, gama na'ura ba ta da kunya, ba ta da hankali, abin da aka gaya mata shi ta ke yi ko da ya saɓa wa manufa.

Ga misalin inda a kan yi tuntuɓe. Na'urar jin motsi ba ta ganin mutum, motsinsa kaɗai ta ke ji. Dattijo ya zauna a kan buzu yana karatu, ko ɗalibi ya duƙufa kan littafi, sai ta ɗauka ɗakin wayam ne ta jefa su cikin duhu. Maganin wannan shi ne a tsawaita lokacin jira a ɗakunan zama, a kuma tabbata cewa kowane sabon motsi yana mai da ƙidayar lokacin farko. Wuraren da ta fi dacewa su ne inda a ke wucewa kawai: lungu, da makewayi, da ɗakin ajiya. A tsakar gida kuwa, inda akuya da tumaki ke kai da kawowa, in ba a ɗaga ta sama an karkata ta ba, dabbobi ne za su kwana suna kunna wuta. Bugu da ƙari, da ya ke bambancin ɗumin jiki da na wuri ta ke aunawa, ƙarfinta kan ragu cikin bazara sa'ad da bango kansa ya ɗauki zafi kamar jikin mutum.

Ita ma mai jin haske tana da nata hali. In aka ɗaura ta inda hasken fitilar da ta ke kunnawa zai faɗa mata, sai ta zaci gari ya waye ta kashe, duhu ya dawo ta sake kunnawa, haka za ta kwana tana ƙifta ido har ƙwan ya mutu. Ƙurar hunturu kuma in ta lulluɓe ta sai ta ga duniya duhu da tsakar rana. Tsumma da ɗan ruwa sau ɗaya a mako ya wadatar. Wanda ya zaɓi agogo kuwa ya tuna cewa faɗuwar rana a Mubi tsakanin Nuwamba da Yuli tana da ratar fiye da rabin sa'a, don haka gara a ba manhajar matsayin garin ta lissafa fitowa da faɗuwar rana da kanta, maimakon a kafe ta kan ƙarfe shida.

Yanzu ga babbar magana, wadda littattafan da ke zuwa da kayan ba su cika damuwa da ita ba, domin an rubuta su ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Me makunnin zai yi in aka ɗauke wuta aka dawo da ita? Yawancinsu suna da zaɓi uku: ya tashi a kunne, ya tashi a kashe, ko ya koma yadda ya ke kafin a ɗauke. Ga mutumin Digil zaɓin nan ya fi sauran dokoki duka muhimmanci. In aka bar shi kan komawa yadda ya ke, aka ɗauke wuta da asuba fitilun waje na ci, aka dawo da ita da azahar, to dokar fitowar rana ta riga ta wuce ba a ji ta ba, fitilu za su ci har dare. Saboda haka wajibi ne a ƙara doka ta musamman: duk lokacin da na'ura ta farka, ta duba ko rana ce ko dare, ta daidaita fitilu. Ita kuma 'yar kwamfutar a ba ta ɗan batir nata, don kada agogonta ya rikice, a sa mata abin kariya daga wuta mai ƙarfi wadda kan zo ta ƙone kaya. Mai son sanin an kawo wuta kuwa, ƙwai ɗaya ƙarami ko ƙararrawa mai kaɗawa sau ɗaya ta ishe shi.

Haka nan a yi hattara da kayan da ba su aiki sai da intanet. Wasu makunnan sai umurni ya tafi wata kwamfuta a Sin ko Amurka ya dawo kafin su motsa. In sadarwa ta katse, ko kuɗin data ya ƙare, doka ta tsaya. Cikin Afrilu 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya rufe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta amsawa, sai bayan watanni biyu wasu daga cikin masu amfani da kayan suka saye shi suka farfaɗo da shi. In haka ta faru a can, ina ga mu? Tsarin da ke yanke hukunci a cikin gida shi ya dace da ƙasarmu. Kuma kowane irin tsari aka sa, a bar makunnin bango yana aiki da hannu, domin tsohuwa da baƙo ba su san wata manhaja ba.

Kada kuma ɗoki ya rufe mana ido ga lissafi. Makunni mai wayo shi kansa yana cin kamar wat ɗaya dare da rana, watau wat 24 na sa'a a yini. In aka ɗora shi kan ƙwai ɗaya na wat tara don ya rage sa'a biyu, ya ceto 18 ya ci 24, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ribarsa tana inda makunni ɗaya ke riƙe da fitilu da yawa: makarantu, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da ofisoshin gwamnati, da harabar masallaci, da rumfunan kasuwa. Ga ƙaramin gida kuwa, na'urar jin haske guda a ƙofa da ta jin motsi guda a makewayi sun gama aiki. Akwai kuma fitilun da bai kamata a yi musu rowa ba. Mutanen Mubi, da suka ga abin da suka gani cikin Oktoba 2014 lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin, ba su bukatar a koya musu darajar haske da dare. Fitilar ƙofar gida da ta hanyar masallaci da asuba, a bar su su ci har gari ya waye.

Daga ƙarshe muna kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a garin cikin 2002, su ɗauki wannan a matsayin aikin ɗalibai. Su fara da harabarsu, su auna abin da a ke ci kafin a sa na'ura da bayan an sa, su bayyana wa jama'a sakamakon, sa'an nan su horar da masu gyaran wuta na Digil da Lokuwa da Kolere yadda a ke ɗaura kayan ba tare da haɗari ba. Hukumomi kuma su gaggauta raba mita, gama muddin lissafin ƙiyasi yana nan, mai tattali da mai ɓarna kuɗinsu ɗaya, ba kuwa wata na'ura da za ta gyara wannan. Kafin nan, maigida ya ɗora wa yaro ɗaya alhakin zagaya makunnai kowace safiya kafin ya tafi makaranta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.