Haƙuri Bai Soke Sashe Na 38 Ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, mun daɗe muna kiran zalunci "haka garin yake". Yaro ya dawo daga makaranta ya ce an tilasta masa zama ajin addinin da ba nasa ba, sai uba ya ce a yi haƙuri. Wannan rashin sanin doka ne. Sashe na 38(2) na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, ko shiga ibadarsa. Idan an hana mai bi aikin gwamnati don sunansa Bitrus, sashe na 42 aka taka.

Wasu dattawanmu suna cewa zuwa kotu rashin bangaskiya ne. To, Manzo Bulus fa? Da za a yi masa bulala, ai ya tuna wa jarumin cewa shi ɗan ƙasar Roma ne (Ayyukan Manzanni 22:25), aka kuwa fasa.

Sashe na 46 ya buɗe mana ƙofar Babbar Kotu. Bari kowace ikkilisiya ta riƙa rubuta rana, wuri da sunayen shaidu, ta kai wa lauya tun abin yana da zafi.