Ranar Biki da Ranar Gobara: Ina Hoton Sauran Ranakun?

Karɓi wayar kowane ɗayanmu ka buɗe ma'ajiyar hotuna. Iri biyu za ka tarar sun cika ta. Na farko hotunan kwalliya ne: Sallah, ɗaurin aure, suna, walimar saukar karatu, an sha shadda, an kafa hula, an gyara tsayuwa. Na biyu hotunan masifa ne, waɗanda galibi ba mai wayar ya ɗauka ba, turo masa aka yi ta WhatsApp: tirela ta murƙushe Adaidaita Sahu, kasuwa na ci da wuta, ruwa ya cinye unguwa. Tsakanin ranar biki da ranar gobara kuwa akwai sauran kwanakin shekara, masu yawan gaske, amma da wuya ka ga wanda ya ɗaga waya dominsu.

Alhali a cikin waɗannan kwanakin muke rayuwa. Mai shayi yana hura wuta tun kafin a fito daga sallar asuba. 'Yan garuwa sun jera kura a bakin burtsatse suna gardamar waye ya riga zuwa. 'Yan makarantar Islamiyya cikin hijabi launi ɗaya sun riƙe hannun juna za su tsallaka titi. Ra'ayina shi ne, al'ummar da ba ta ɗaukar hoton mutum sai ranar da ya yi ado ko ranar da ya faɗi tana zaluntarsa ta fuska biyu, kuma zaluncin ranar faɗuwa ya fi muni.

Bari in fara da sana'ar hoton kanta, domin a cikinta tarbiyyar take. Wanda ya taɓa ɗaukar hoto a fili, ba a cikin situdiyo inda fitila ke ƙarƙashin ikonsa ba, ya san aikin haƙuri ne. Rana ba ta karɓar umarnin kowa. Daga hantsi zuwa azahar hasken ƙasarmu ba shi da tausayi: daga tsakar ka yake saukowa, ya cika kwarmin ido da inuwa, ya sa mutum ya yamutse fuska kamar wanda ake bi bashi. Ga kuma matsalar farar riga, wadda duk mai hoton biki ya sha fama da ita. Kyamara na auna haske ne daga abin da ya fi cika mata ido. Idan dattijo baƙi ya tsaya a rana cikin farar babbar riga da ta sha bugu, sai ta rage haske don kada rigar ta ƙone, fuskar kuwa ta nutse a duhu, ka samu hoton riga da hula ba mutum a ciki. Maganin abin shi ne a auna daga fuska, a waya ma taɓa fuskar a kan gilashi kawai ake yi, ko kuma a ja mutumin zuwa inuwar darbejiya. Lokaci biyu ne haske ke yin laushi, jim kaɗan bayan fitowar rana da kuma la'asar sakaliya, kuma dukansu ba sa jiran kowa. Da hunturu hazo kan tausasa haske har tsakar rana, amma wanda ya kuskura ya buɗe cikin kyamararsa a waje zai koma gida da ɗigon ƙura a kan kowane hoto. Da damina kuwa, in ruwa ya ɗauke sarari ya wanku, wanda ya hau Dutsen Dala zai ga birnin Kano tar, ya hango Goron Dutse kamar ya miƙa hannu ya taɓa.

Abin da duk wannan ke nufi shi ne, ba a samun hoton kirki da gudu. Sai ka zo, haske bai yi ba, ka koma. Ka dawo, mutumin ya tafi kasuwa. Ka sake dawowa, ka zauna a benci, a gaisa, a tambayi iyali. Je ka marinar Ƙofar Mata ka gani: baƙo mai sauri zai ɗauki ramukan baba da shuɗin ƙyalle ya wuce, amma wanda ya zauna shi zai lura da hannun marinin da shuni ya rine har ƙarƙashin farce. Kuma wanda ya zauna ɗin, kunya ma ba za ta bar shi ya ɗaga kyamara ba tare da ya nemi izini ba.

"Baba, ka yarje mini in ɗauke ka?"

"Ɗana, me za ka yi da hoton tsoho? To, dakata in sa hulata."

Wannan hular da yake nema ba ƙaramin abu ba ce. Yana gaya maka ne cewa shi ma yana da ta cewa a kan yadda duniya za ta gan shi. A zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya hoto 36 kawai yake ɗauka, ga kuɗin wanki yana jira, tsadar abin kaɗai kan sa mai hoto ya tsaya ya yi tunani kafin ya latsa. Yau latsawa kyauta ce, sai tunanin ya tafi tare da tsadar.

A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, ta kama da wuta, mutane fiye da 150 suka rasu. Kafin a kai ga jana'iza, hotunan gawarwakin da suka ƙone sun gama zagaya wayoyi. Mu kuwa mutane ne da muka tashi muka tarar in rai ya yi halinsa, abu na farko shi ne a rufe mamaci. Ko a bakin titi aka yi haɗari, za ka ga wani ya warware rawaninsa, ko wata ta cire gyalenta, an lulluɓe bawan Allah kafin a san ko ɗan wane ne. Addini ya koyar da suturta mutum a raye da a mace, al'ada ma ta yi riƙo da haka. To yau hannun da ya kamata ya jawo mayafi shi ne ke laluben aljihu ya zaro waya. Iyalai nawa ne suka fara sanin rasuwar ɗansu ta hanyar ganin fuskarsa a jikin hoton da wani baƙo ya ɗora, ya rubuta salati a ƙasa? Salatin bai wanke aikin ba. Kuma hoton ba ya mutuwa. Marayan da ke goye a yau zai girma ya riƙe waya, kuma abin yana nan yana jiransa.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi: gani ya kori ji. Ba don hoto ba, da abubuwa da yawa an musanta su. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, hotuna da bidiyon da mutanen gari suka ɗauka da wayoyinsu ne suka fara sanar da sauran ƙasa girman abin, su suka motsa masu kai ɗauki, su suka toshe bakin duk wanda zai so ya ce abin bai kai haka ba. Talaka ba shi da gidan rediyo, wayar nan ita ce shaidarsa. Don haka ba na cikin masu cewa a mayar da kyamara aljihu in masifa ta sauka.

Sai dai shaida daban, kallo daban. Hoton titin da ya zama kogi, da ruwan da ya kai taga, da jama'a cunkushe a bayan motar sojoji, wannan shaida ce, yana tuhumar wanda ya kamata ya gyara madatsa bai gyara ba. Hoton matar da ruwa ya kwance wa zani tana ƙoƙarin rufe jikinta ba ya tuhumar kowa, ita kaɗai yake tozartawa. Mai ɗauka ya san bambancin sarai. Da mahaifiyarsa ce, da bai tsaya neman fatawa ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Kyamara na zuwa ranar faɗuwa, ba ta dawowa washegari. Bayan ruwan Maiduguri ya janye, an shiga kwashe taɓo daga ɗakuna da shebur da kwano, an shanya katifu da littattafai da takardun shaidar makaranta a rana, 'yan Kasuwar Monday, wadda gobara ta riga ta cinye a watan Fabrairun 2023, suka sake zama lissafin abin da ya saura. A nan ne halin mutum ke fitowa. Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa toka ba ta gama hucewa ake ganin ɗan kasuwa ya shimfiɗa buhu a gefen rumfarsa da ta ƙone, ya jera 'yan kayan da maƙwabci ya ba shi bashi, in ka yi masa jaje ya ce, "Alhaji, Allah ne ya bayar, shi ya karɓa. Me za a ba ka?" Wannan hoton ya fi na wutar daraja nesa ba kusa ba. Amma a lokacin masu waya sun tafi neman wata wutar.

Akwai kuma masifar da ke zuwa a hankali, wadda ba ta da hayaƙi balle ta ja ido. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 zuwa cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, rayuwar gidaje da yawa ta sauya ba tare da ƙara ba. Malamin makarantar da ya jingine babur ya koma keke. Magidancin da ya daina auno kwano ya koma gwangwani. Motar da ta shekara a ƙofar gida tayoyinta sun sace, yara sun mayar da ita wurin wasa. Ma'aikatan da ke takawa da ƙafa da sassafe, takalmi ya yi fari da ƙura, riga kuwa a goge tsaf. Wanda zai rubuta tarihin waɗannan shekaru nan gaba zai buƙaci irin waɗannan hotuna fiye da na kowane taron siyasa, kuma ana iya ɗaukar su ba tare da an kunyata kowa ba.

In ana maganar kunyatarwa, dole in taɓo hoton sadaka. Azumi na kamawa za ka ga an jera zawarawa da marayu a rana, kowa an ɗora masa ƙullin shinkafa da taliya a hannu, mai bayarwa ya tsaya a tsakiya yana murmushi, su kuwa suna sunkuyar da kai, wata na jan hijabi ta rufe rabin fuska. Ƙungiyoyi kan ce masu ba da kuɗi ne ke neman hujja. To a ɗauki buhunan, a ɗauki rasit, a ɗauki layin daga baya. Matar da ta zo karɓar kwano biyu ba ta da bakin cewa a'a, kuma izinin da aka karɓa a hannun mai jin yunwa ba izini ba ne. Haka almajirin da kowa ke ɗauka ba tare da ya tambayi ko sunansa ba.

Akwai waɗanda suka nuna ana iya yin abin ta wata hanya. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta fara da aikin jinya, ta soma wani aiki a 2015 da ta kira Bits of Borno, a daidai lokacin da duniya ba ta san komai game da jiharta ba sai bam da sansanin gudun hijira. Ta shiga gari tana ɗaukar 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu sana'a, 'yan biki, tana haɗawa da abin da suka faɗa da bakinsu. Ba ta ɓoye wahala ba, akwai marayu da waɗanda aka raba da garuruwansu a ciki, amma a tsaye suke suna kallon kyamara, ba a kwance ana kallonsu ba. Kafin ita akwai Malick Sidibé na Bamako, wanda ya rasu a 2016. Samari da 'yan matan garinsu ya yi ta bi yana ɗauka, a wuraren rawa da dare, da kuma bakin kogin Neja inda suke zuwa shan iska ranar Lahadi. Ba sarki, ba yaƙi, ba yunwa. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, shi ne mai hoto na farko da ya samu. Abin da ya taimake shi kuwa, ya adana fina-finan hotunansa a cikin kwalaye shekara da shekaru.

Mu fa? Shiga gidan tarihi irin Gidan Makama ka dubi tsofaffin hotunan Kano, za ka tarar da yawansu baƙi ne suka ɗauka, da idon baƙo, abin da ya burge baƙo. Namu masu hoton, waɗanda suka yi shekaru suna yawo da kyamara a wuya daga hawan Sallah zuwa tashar mota, da yawansu sun rufe shago tun da waya ta karɓe musu kasuwa. Fina-finansu na nan a cikin akwatunan ƙarfe a ɗakunan da ke yoyo, zafi da gara na cin su, magada kuma ba su san darajarsu ba. Hotunanmu na yau ma ba su fi su tsaro ba: ɗan ƙwacen waya ɗaya ya isa ya tafi da yarintar 'ya'yanka gaba ɗaya. Jami'o'inmu da hukumomin tarihi da al'adu na jihohi suna da ɗalibai da na'urorin da za su iya bin tsofaffin masu hoton nan gida-gida, a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, su sayi abin da ya rage, su kwafe shi a kwamfuta, su zauna da mai shi ya faɗi wane ne a ciki da shekarar da aka ɗauka, tun yana da rai da idon ganewa. Kuɗin aikin bai kai na motar kwamishina ɗaya ba.